Shekarar da Na Aika wa Baba Sammaci

Jikata ce ta tono mini wannan zance ba da saninta ba. Tana zaune a bakin ƙofar ɗakina da wayar ubanta a hannu, wata mata a cikin wayar tana koya mata Turanci, ita kuma tana bi tana maimaitawa kamar mai bitar allo. Kunnena ya yi nauyi yanzu, ɗan Turancin da na tsinta ma tuni ya bi ruwa, amma wata kalma ta faɗo mini a kunne sai da na ajiye carbi. Na tambaye ta me ake koya mata. Ta ce ai yadda ake faɗin abin da bai kasance ba ne, irin mutum ya ce da ni tsuntsu ne da na tashi sama, ko da ina da jirgi da na kai Kaka Makka. Na ce mata na gode da jirgin, amma wannan darasi na san shi tun ba a yi tunanin haihuwar ubanta ba. Ta dube ni irin duban da yaran yanzu ke yi wa tsoho in ya ce ya taɓa yin kokawa, ta koma kan wayarta.

Ƙauyenmu yana can ƙasar Bukkuyum, ba nisa da Adabka, kuma makarantarmu ɗakunan laka ce da wata tsohuwar garma rataye a jikin bishiyar bedi, ita ce ƙararrawa. Har yau in maƙeri ya buga ƙarfe da safe sai in ji gabana ya faɗi, in zaci na makara. Kafin a buga ta kuwa mutum ya riga ya shayar da jaki, ya yanko wa rago ciyawa, ya ɗebo wa Inna ruwa, sannan ya kwashi ɗumame a tsaye ya zura da gudu. Ba irin 'yan makarantar yanzu ba ne mu, da za ka ga jakar ta fi yaron girma. Mu ƙarti ne, an kwaso mu daga gona an zuba a aji, a ajin ƙarshe har da masu gashin baki. Malamin Turancinmu Malam Bawa ne, mutumin ƙasar Zuru, gajere, baƙi wulik, da keke mai ƙaho wanda ba ya yarda kowa ya taɓa. Da yawanmu mun fi shi tsawo, amma ban taɓa ganin wanda ya iya haɗa ido da shi ba.

Shi ya koya mana wannan darasi na "da". Ya ce Turawa in za su faɗi abin da ba haka yake ba, sai su ɗauko maganar abin da ya wuce su yi ta da ita, ko da yake zancen na yau ne, don mai sauraro ya san mafarkin ido biyu ake yi. Kalmar da suke farawa da ita 'yar ƙarama ce, "if", mu kuwa bakinmu na Zamfarawa ba ya kama ƙarshenta, sai muka mai da ita "ihi", ya yi ta fama har ya gaji ya bar mu. Yakan bi mu ɗaya bayan ɗaya kowa ya faɗi nasa. Wani ya ce da shi ne hedimasta da ya ƙone bulala. Wani ya ce da yana da babbar mota da ya kwashe 'yan ajin nan ya kai mu Gummi cin kasuwa. Ni na ce da ni sarkin noma ne da na hana noma ranar da ake zafi, aka yi ta dariya. Amma inda darasin ya fi yi masa amfani shi ne wurin faɗa. In biyu suka dambace, ba ya ɗauko bulala. Sai ya tsayar da su gaban aji, ya ce kowa ya faɗa da Turanci abin da zai yi da shi ne ɗan uwansa. Kafin mutum ya gama laluben kalmomi, yana gumi ana yi masa dariya, fushin ya sauka. Wani lokaci kuma a cikin laluben sai ka ji mutum ya faɗi abin da bai san yana ransa ba.

Baba ba ya son wannan darasi ko kaɗan. Shi a wurinsa kalmar "da" ƙofa ce da Shaiɗan ke shigowa, musulmi ba ya tsayawa yana auna abin da Allah bai yi ba. Wata rana ya ji ina bita a zaure, ya tambayi fassara, na gaya masa. Ya ce, "Malamin ga naku ba shi da abin koya muku sai ƙarya da Turanci? Kai ba tsuntsu ba na, tashi ka ba jaki ruwa." Mutum ne mai gaskiya da zafin rai, in ya faɗi magana ba ya komawa kanta, kuma shirunsa ya fi faɗansa ciwo. Mun fi tsoron ya daina magana da ya ɗauko tsumagiya.

A duniya abokinsa ɗaya ne, Baffa Manu, Bafillace mai shanu. Tun suna samari kowace shekara in an kawar da amfani, Baffa Manu ke kafa rugarsa a gonarmu, shanunsa su ci kara da harawa su bar mana taki, Baba ya ba shi dawa, matansa su kawo wa Inna nono da man shanu. Haka kowa ke yi a lokacin, kusan kowane gida yana da nasa Bafillacen, amma nasu ya wuce na taki. Sukan zauna a gindin wata kaɗanya a bakin gonar tun la'asar har rana ta yi ja, su raba goro ɗaya, kuma in ka ƙirga maganar da suka yi ba za ta cika cokali ba. Ni rani a wurina shi ne kukan shanu da sassafe, da warin hayaƙin ruga, da muryar matan Fulani suna shigowa gari da ƙorai a kai. Ɗan Baffa Manu, Buba, tsarana ne. Shi ya koya mini tatsa da zagi da Fillanci, ni kuma na koya masa rubuta sunansa a ƙasa da tsinke, duk da cewa har yau a juye yake rubuta shi.

Doka ɗaya ce a tsakanin manomi da mai shanu, kowa ya san ta: dabba ba ta shiga gona sai mai gona ya ce ya sake ta. Shekarar da nake ba da labari mun kawar da gero, mun yanke dawa, amma wake yana nan ba a gama roro ba, kuma waken ya yi kyau irin wanda Baba ke zagayawa yana kallo. Rugar ta iso da wuri ta sauka a fako tana jiran saki. Wata rana da hantsi Buba yana kiwo a gefe, wani bajimi mai taurin kai ya karya shinge, garken ya bi shi. Buba shi kaɗai ne, ya yi ta duka yana ihu, kafin mutane su kawo masa agaji wake ya zama labari. Na ga Baba ya tsaya a tsakiyar gonar yana kallon sawun kofato. Ya juya gida, ya shimfiɗa buzunsa a zaure ya zauna yana fuskantar ƙofa. Yini ya yi a nan, washegari ma haka. A lokacin na ɗauka baƙin cikin wake ne ya zaunar da shi.

Baffa Manu bai zo ba. Sai ga Buba ya shigo gari yana jan wata 'yar maraƙa fara, idonsa a ƙasa, ya durƙusa a ƙofar zaure ya ce Baffa ya ce a kawo. Baba ya dubi maraƙar, ya dubi bayan Buba kamar mai neman wani, sannan ya ce, "Koma da ita. Ka ce ma ubanka ban sai da wake ba." A wajen Bafillace kuwa a mayar masa da kyautar saniya ba ƙaramin abu ba ne, daidai yake da a ce masa ba a son ganinsa. Magana ta fara yawo. Masu kai gulma suka samu aiki, wannan ya je ruga ya ƙara gishiri, wancan ya dawo zaure ya ƙara barkono. Baba ya ce bana ko kofato ɗaya ba zai kwana a gonarsa ba. Muka ji Baffa Manu ya fara ɗaure kaya, da an gama kalankuwa zai ja garkensa ya yi yamma, kuma wanda ya san shi ya san in ya tafi ba zai sake dawowa ba. Nono ya daina shigowa gidanmu. In na haɗu da Buba a hanya sai kowa ya kau da kai, ba don muna gaba ba, don ba mu san abin da za mu ce ba. Abin ya dame ni ƙwarai, na rasa ci na rasa sukuni.

Yaran yanzu ba su san kalankuwa ba, sai in an yi musu bayani. Wasa ne na samari da 'yan mata bayan kaka, in rumbu ya cika hankali ya kwanta. Akan kafa rumfunan kara a filin bayan gari, a gayyato samarin ƙauyukan kewaye, 'yan mata su yi ta kawo tuwo da fura, makaɗa su kwana biyu ba su ajiye kalangu ba, a yi kokawa a yi dambe. Abin da ya fi ba da dariya shi ne sarautun wasa. Sarkin samari kan naɗa Gwamna, a sa masa tsohon kwat da tabarau marar gilashi. Akwai Likita mai gwada ƙirjin mutane da gwangwani da zare, ya ce wa ƙato lafiyayye yana da ciki. Akwai Ɗan sanda da bindigar kara, akwai Alƙali. Na 'yan kwanakin nan gari nasu ne. In kotun kalankuwa ta aika wa mutum sammaci, ko da furfura har gira sai ya zo, a ci shi tarar goro a yi dariya. Wanda ya ƙi zuwa kuwa 'yan mata za su sa shi a waƙa, kuma waƙar gaɗa ba ta mutuwa da wuri, har jikokinsa sai sun ji ta. Shekarar nan ni aka naɗa Alƙali, wai don ina makaranta na san yadda ake magana da hanci.

Ranar farko na yi shari'ar akuyar da ta ci wa wata tsohuwa gari, na ɗaure wani zakara saboda yin cara ba kan lokaci ba. Da na dawo gida ina ba Inna labari tana surfe, ba ta yi dariya ba. Ta tsayar da taɓarya ta ce, "Kai da anka naɗa alƙali, awaki da kaji kaɗai za ka yi ma shari'a? Ga dattawa biyu nan sun kumbura, kowa na jiran wani shi hwara magana." Na ce mata ta rufa mini asiri, Baba fa take nufi. Ta ce ita ba ta ce komai ba, ta ci gaba da surfenta. Haka Inna take, ta cusa maka abu a kunne ta koma gefe kamar ba ita ba.

Ban taɓa jin wanda ya aika wa ubansa sammaci ba, ko a wasa. Na san in abin ya ɓaci ba duka zan sha ba, shirun nan zan sha, mai yiwuwa har shekara. Amma na tuna da an naɗe rumfunan nan ruga za ta tashi. Da safe na sami sarkin samari na gaya masa, ya dube ni ya ce ko na sha wani abu ne. Da ya ga da gaske nake sai ya ba da goro biyu na sammaci, Ɗan sanda ya saɓa bindigarsa ta kara, ya kai ɗaya zaurenmu, ya kai ɗaya ruga. Ya dawo yana haki ya ce Baba ya karɓi goron, Baffa Manu kuma ya tambaya ko mai gona zai zo.

Bayan la'asar filin ya cika har da waɗanda ba sa zuwa kallon wasa, don labari ya zaga gari. Ina zaune a kan kifaffen turmi, da rawanin da aka naɗa mini da zanen Inna, da gemun auduga da aka manna mini da ƙaro. Na hango Malam Bawa can baya ya jingina da kekensa. Baffa Manu ya fara isowa, sanda a kafaɗa, malafa ta rufe masa rabin fuska, Buba na biye. Sai ga Baba, da babbar rigarsa ta Juma'a. Kalangu ya tsaya da kansa. Tabarma ɗaya na sa aka shimfiɗa, da gangan, don haka dole suka zauna a kanta, wannan a wannan baki wancan a wancan baki, kowa ya ba ɗan uwansa kafaɗa. Ni kuwa da na ga Baba a ƙasa ina sama sai na zame daga kan turmin na durƙusa a gabansa. Jama'a suka fashe da dariya, wani ya ce yau ga alƙali yana neman gafara wurin mai laifi. Dariyar nan ta taimake ni, don na ga gefen bakin Baba ya motsa.

Ban tambayi wa ya yi laifi ba, wannan kowa ya sani. Abin da na gani a aji shi na ɗauko. Na sunkuyar da kai na ce, "Baba, kotu ka tambaya, ba ni ba. Da kai na ad da shanun ga, sunka shiga gonar amininka sunka cinye mai wake, da ƙaƙa za ka yi?"

Ya ce, "Ba ni da shanu."

Aka sake kwashewa da dariya. Ɗan sanda ya buga gindin bindigarsa a ƙasa har ta karye. Na ce kotu ta san ba shi da shanu, cewa aka yi da. Baba ya ɗago ya dube ni, dubawar da har yau in na tuna sai na gyara zama. Na ce a raina shi ke nan, na jawo wa kaina.  Sannan ya yi magana a hankali, ba ni yake kallo ba, ƙasa yake kallo.

"Da ni na, da ban aiko yaro ba. Da na taka da ƙahwata na zo. Ko ban ce komi ba, in zamna bakin zaure shi gan ni."

A nan na gane abin da ya zaunar da shi a zaure yana kallon ƙofa. Ba wake yake makoki ba, abokinsa yake jira. Na juya wajen Baffa Manu na ce, "Baffa, kai hwa? Da kai na ad da gonar, amininka yaƙ ƙi zuwa, ya aiko maka yaro da maraƙa?" Ya daɗe yana zane a ƙasa da bakin sandarsa. Hausarsa tana da karyewar harshe irin ta Fulani, kuma ranar ta ƙara karyewa.

"Da ni na, da na san kunya ta hana shi. Mutumin da nic ci tuwon gidanai tun ban aje gemu ba, shanuna su yi mai haka, da wane ido za ni dube shi? Sau nawa nit taho har bakin rijiya, in hangi zaure, in koma."

Baba ya juyo gaba ɗaya, karo na farko. Ya ce, "Na gan ka kuwa. Na aza raini na."

Baffa Manu ya kira sunan Baba, sunan da ni ba zan iya rubutawa ba, ya ce subhanallahi, semteende ce, wato kunya da Fillanci, ba raini ba. Ya ja malafarsa ya rufe fuska gaba ɗaya. Ba wanda ya yi dariya. Na ga wasu tsofaffin mata suna share ido da bakin mayafi, ni kaina gemun audugar nan ya jiƙe. Ashe duk kwanakin nan ɗaya yana zaune yana jira, ɗaya yana zuwa yana komawa, tsakaninsu bai fi jifa da dutse ba.

Dole kotu ta yanke hukunci, don haka na koma kan turmi na gyara rawani. Na ci mai shanu tarar ƙwaryar nono, ya kawo ta zaure da kansa. Na ci mai gona tarar damin dawa, ya kai ruga da kansa. Da aka zo kan maraƙa sai gardama ta tashi sabuwa: Baffa Manu ya ce ta riga ta fita daga garkensa ba ta komawa da sunansa, Baba ya ce shi dai bai sai da wake ba. Sarkin samari ya fara lashe baki yana cewa a yanka wa baƙi. Baffa Manu ya ce a'a, a bar wa alƙali, Buba ya riƙe masa ita. Jikokin maraƙar nan ne suka yi mini aure. Har yau Buba cewa yake ni ne alƙalin da ya taɓa gani ya ci hanci a bainar jama'a ana yi masa kiɗa.

Na koma gida ina raɓe-raɓe. Baba bai ce mini komai ba, kuma ban san wane irin shiru ne ba. Da safe na ɗaura wa jaki akumari don a kai dawar, sai Baba ya ce in kwance, kotu cewa ta yi da kansa. Dattijo mai iyali ya ɗora dami a ka ya ratsa tsakiyar gari, mutane na gaishe shi yana amsawa kamar ba komai. A bakin rijiya suka yi kiciɓis da Baffa Manu yana tafe da ƙwarya a hannu, nono na zuba masa a riga, don namijin Bafillace bai saba ɗaukar ƙwarya ba. Waɗanda suka gani sun ce tsayawa suka yi suna duban juna, sannan dariya ta kama su har Baba ya sauke damin. Da ya dawo ya kama zabo ɗaya ya miƙo mini ya ce in kai wa malamin nan namu mai koya ƙarya. Ranar nan da la'asar ya saki gona, shanu suka shiga.

Ruga ta ci gaba da sauka a gonarmu har dattawan biyu suka riga mu gidan gaskiya, ni da Buba muka gaji gindin kaɗanyar. Kalankuwa ce ta fara tafiya. Malamai suka yi wa'azi a kan cakuɗuwar samari da 'yan mata, kuma ba zan ce ba su da gaskiya a wani wurin ba. Sannan zinari ya fito, samari suka watse Bagega da Tungar Daji, wanda a da burinsa a naɗa shi Gwamnan kwana biyu ya koma burin babur. Ni ba na cikin tsofaffin da ke cewa komai na da ya fi. A da mace kan mutu a kan jaki ana neman asibiti, yanzu ga jikata tana koyon Turanci a tafin hannunta, alhamdu lillahi. Abin da nake kewa shi ne wurin da babba zai zauna a tabarma yaro ya tambaye shi, ya amsa, don an ce wasa ne. Yanzu in shanu suka shiga gona ba a aika goro. Abin da ya sami dajinmu daga baya kowa ya sani, ba sai na faɗa ba. Muka bar ƙauye muka dawo Gummi wurin babban ɗana, rugar Buba ta watse, shekaru ban san inda yake ba.

Bara wani mahauci maƙwabcinmu ya ce mini ya ga wani tsohon Bafillace a kara, inda ake cinikin shanu, yana kwana a rumfa, ba saniya ba iyali. Ya ce tsohon ya tambaye shi ko ya san wani mutumin ƙasar Bukkuyum da ake yi wa laƙabi da Alƙali. Da mahaucin ya ce ya san gidan, ya zo ya raka shi, sai tsohon ya ce a'a, tambaya kawai ya yi. Wasu kuma suka ce sun sha ganinsa yana zuwa har bakin masallacin unguwarmu ya tsaya ya juya. Shi ma ɓarayin daji sun kwashe masa garke, 'ya'yansa sun yi kudu da abin da ya rage, shi ƙafa ta ƙi. Ɗana yaron kirki ne, amma yana tsoron bakin mutane, don a garin nan yanzu ba kowa ke son ganin baƙon Bafillace a ƙofar gida ba. Ya ce in bari ya tura yaro a babur ya kai masa abinci da riguna da ɗan abin kashewa, a yi abin cikin sirri. Na ce masa a gidanmu ba a aiken yaro. Na ɗauki sandata.

Kara da nisa ga mai gwiwa irin tawa, na huta a hanya ban san sau nawa ba. Na same shi a zaune a inuwar rumfa, ya rame, gemu ya yi fari fat, yana kallon shanun mutane. Da ya gane ni sai ya ja malafa ya rufe fuska, daidai yadda ubansa ya yi a kan tabarmar nan. Daga ƙarƙashin malafar ya ce, "Alƙali, da kanka?"

Na ce, "Da kaina. Tashi mu tahi gida."

Ɗakinsa yana kallon nawa yanzu. Maƙwabta sun yi 'yan maganganunsu sun gaji, wasu har sun fara kawo masa tumaki ya duba musu in ba su da lafiya. Ranar da jikata ke bitar darasin nan yana kishingiɗe a gefena yana gyangyaɗi. Da ta ga na ƙi yin shiru da labarin Malam Bawa sai ta ce to ta ji, bari ta gwada mu, ta taɓa Buba ta tambaye shi da shi saurayi ne yau me zai yi. Ya buɗe ido ɗaya, bai ko yi tunani ba, ya ce da ya tsare bajimin nan kada ya shiga waken.

Na ce masa gara da bai tsare ba.